Dan Allah a bar mana dare ɗaya mu zauna da 'ya'yanmu

Zuwa ga Edita,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, Allah ya ƙara basira. Dan Allah ka ɗan ba ni fili a jaridar nan in yi magana da 'yan uwana Kirista masu jin Hausa, musamman fastoci da dattawan ikilisiya da shugabannin zumunta. Na san yawancin masu karanta ku 'yan uwa Musulmi ne, toh amma su ma ina ga ba za su rasa abun ɗauka ba tunda maganar gida ce da tarbiyyar yara.

Ni tela ne a Zariya, na fi shekara ashirin ina kan keken ɗinki, kuma dattijo ne a ikilisiyarmu, na riƙe sakatare shekara shida. Ba zan faɗi sunan cocin ba sabida ba ita kaɗai ba ce, na yi sujada a Kaduna da Jos da Kano da Gombe kuma duk inda na duba allon sanarwa abu ɗaya nake gani. Litinin Zumuntar Mata, Talata 'yan kwaya na koyon waƙa su kuma 'yan Sabon Rai, ƙungiyar masu yaɗa bishara, na nasu a ɗayan ɗakin, Laraba addu'ar tsakiyar mako wadda in dattijo bai zo ba sai an tambaye shi dalili, Alhamis nazarin Littafi ko Zumuntar Maza, Juma'a matasa, in kuma ƙarshen wata ne a kwana ana addu'a har asuba, Asabar da safe shara da wankin benci, da rana ɗaurin aure ko jana'iza ko lancin, da yamma kwaya kuma a sake, Lahadi sujadar Turanci sannan ta Hausa sannan mitin ɗin dattawa wanda ake cewa na minti talatin ne amma sai ƙarfe uku ana ciki. Ban ma sa taron farkawa da makon mata da makon matasa da bikin godiyar kaka da taron gunduma ba. Kowanne ɗaya a cikinsu abu ne mai kyau, ni da kaina na goyi bayan kafa wasu daga ciki. Amma ka haɗa su duka ka aza wa gida ɗaya, inda maigida dattijo ne, uwargida ma'ajiyar Zumuntar Mata ce, babbar 'ya tana kwaya, sai ka tambaya, wane dare ne mutanen gidan nan suke cin tuwo tare?

A gidana amsar ita ce babu, kuma na daɗe ban lura ba. Na kan rufe shago wajen ƙarfe biyar da rabi in wuce coci kai tsaye da littafin minit a hannu, in dawo tara ko goma na dare in tarar da tuwona a kula ya fara sandarewa, yara sun yi barci a falo ɗaya da littafin makaranta a ƙirji, in ɗan taɓa kansu in ce Allah ya yi muku albarka in wuce ɗaki, kuma a zuciyata ina jin na yi wa Ubangiji hidima. Maman yaran ma haka, ita ce da kuɗin anko da kuɗin ziyarar marasa lafiya, wani lokaci a ƙofar coci muke haɗuwa ni ina shiga ita tana fita, ta ce maigida akwai miya a tukunya a ɗumama.

Abun da ya farkar da ni ya faru ne shekara biyu da suka wuce, lokacin ɗana na biyu yana shekara goma sha huɗu. Ana tsakiyar ɗinkin ankon mata, zannuwa sun fi arba'in a jibge a shago, aka kira ni a waya daga makarantarsu aka ce in zo. Na je na tarar wai yaron ya yi kusan sati uku ba ya shiga aji bayan tara, yana fita da wasu yara suna zuwa gidan kallon ƙwallo da shagon caca na waya, kuma kuɗin da yake sawa daga cikin gwangwanin da mamarsa take tara kuɗin zumunta yake zara kaɗan kaɗan. Kunya ta kama ni kamar ƙasa ta tsage in shige, ni da nake koyar da ajin baftisma, 'ya'yan mutane suna zaune a gabana duk Lahadi ina tambayarsu Dokoki Goma. Da muka dawo gida na ɗauko bulala, gaskiya na ɗauko, na ce masa me ya sa tun farko da abokan nan suka fara jan ka ba ka zo ka gaya mini ba. Yaron nan bai yi kuka ba, ya kalli ƙasa ya ce, Baba yaushe zan gaya maka, ai kai na coci ne. Na ajiye bulalar. Daren nan ban runtsa ba, maganar tana ta dawo mini, domin ba rashin kunya ya yi ba, abun da ya gani ne ya faɗa.

Ni ba haka na tashi ba, shi ya sa abun ya fi yi mini ciwo. A ƙauyenmu a ƙasar Malumfashi cocinmu ɗan ginin ƙasa ne da rufin kwano, mai bishara ɗaya ne yake zagaya ƙauyuka uku a keke, wani lokaci sai a yi sati biyu ba mu gan shi ba. Amma ba a taɓa yin dare a gidanmu ba a yi sujada ba. Bayan an ci tuwo Inna za ta goge gilashin fitilar ƙwai da bakin zaninta, ta ɗauko Littafi Mai Tsarki daga cikin kwalla inda take ajiye shi don gara, an naɗe bangonsa da takardar buhun siminti, ta miƙa wa yayanmu sabida ita karatunta a hankali ne tana bin layi da yatsa. A yi waƙa ɗaya daga littafin waƙoƙi, a karanta aya biyar ko shida, Baba ya yi tambaya ɗaya ko biyu, kowa ya faɗi abun da yake so a yi masa addu'a, har da akuyar da ta ɓata da jarabawar da ke tafe, sai a rufe da addu'ar Ubangiji. Duka duka bai kai minti ashirin ba. A nan na koyi karatun Hausa tun kafin in shiga firamare, a nan kuma na fara jin Baba yana cewa Inna ki yi haƙuri da maganar da na yi ɗazu, a gabanmu, kafin ya buɗe baki ya yi addu'a. Ba wani wa'azi da na ji daga baya da ya shige ni kamar wannan.

Kuma in muka duba tarihi ai da haka bangaskiyar nan ta kafu a arewa. Lokacin da Likita Mila, Bature ɗan mishan, ya zauna a Zariya a 1905, kafin mishan ɗin ya koma Wusasa a 1929, masu bi 'yan kaɗan ne, kuma babban aikin da aka sa a gaba shi ne Littafin ya shiga harshen da uwa take yi wa ɗanta magana da shi. A 1932 cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa, aka sake sabuwar fassara a 1979, wadda yawancinmu muke riƙe da ita yau. Mutanen da suka sha wahalar nan sun yi ta ne don manomi ya iya buɗe shi a tsakar gidansa ba sai ya jira wani ba. 'Yan uwanmu na cocin EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya, sujadarsu ta farko a Garkida a 1923 a gindin tsamiya aka yi ta. Sabon Rai Don Kowa da ya bazu a shekarun 1960 ƙarfinsa ƙananan ƙungiyoyin addu'a ne a gidajen mutane. Janar Yakubu Gowon a Wusasa ya tashi, ɗan mai bishara ne, Farfesa Ishaya Audu da ya shugabanci jami'ar Ahmadu Bello shi ma ta makarantar Wusasa ya biyo. Iyayen wancan zamanin ba su da janareta ba su da lasifika ba su da kalandar shirye-shirye mai shafi goma, amma sun san yaransu.

Yau muna da gine-gine masu bene da kujerun roba da kayan kiɗa na miliyoyi, na gode wa Allah don su, ni ma na ba da nawa a lancin. Amma ka kira yaro ɗan shekara sha biyu daga gidan dattijo ka ce ya buɗe maka Habakuk da Hausa ka ga yadda zai yi ta juya shafi. Kakarsa tana zaune a gidan ba ta jin Turanci, shi kuma ba ya iya karanta mata aya ɗaya da harshen da take ji, kowa na ɗakinsa, ita da rediyonta shi da wayarsa. Mun miƙa wa malaman makarantar Lahadi aikin gaba ɗaya, awa ɗaya a mako, yara sittin a hannun budurwa ɗaya mai sa kai wadda ita ma ba a biyanta ko sisi. Haba jama'a, ta yaya awa ɗaya zai yi kokawa da waya da ke hannun yaro kullum?

Lokacin kullen korona ya kamata a ce mun ɗau darasi. Daga ƙarshen watan Maris na 2020 aka rufe wuraren ibada a jihar Kaduna, Ista ta shekarar, 12 ga Afrilu, a falo muka yi ta. Na tuna na tsaya a gaban iyalina da Littafi a hannu na rasa ta inda zan fara, ni da nake iya tsayawa gaban mutum ɗari uku in karanta sanarwa ba gargada. Satin farko kamar baƙi muke da juna. Amma kafin a buɗe, autarmu ta haddace Zabura 23 da Hausa, mamarsu ta koya musu waƙoƙin da ita ma rabonta da su tun tana yarinya, na kuma san sunayen abokan 'ya'yana a karo na farko. Ana buɗe coci muka koma gidan jiya, har ma aka ƙara wasu shirye-shiryen wai don a cike giɓin da aka yi, ni ne ma na rubuta minit ɗin mitin ɗin da aka yanke hakan. Da na riƙe abun da muka fara a falon nan, ina ga da ba a kira ni makaranta ba.

Wani zai ce toh ai aikin Allah ne, kuma an ce mu fara biɗar mulkinsa. Gaskiya ne, ni ma da wannan ayar na yi shekaru ina rufe bakin matata duk lokacin da ta ce maigida yau ka zauna mana. Amma Littafin da muke ɗauka shi ne ya ce a Maimaitawar Shari'a sura 6 a koya wa 'ya'ya maganar Allah lokacin da ake zaune a gida da lokacin tafiya a hanya da lokacin kwanciya da lokacin tashi, kuma iyaye aka ba wannan umarnin. Manzo Bulus da yake gaya wa Timoti irin mutumin da za a naɗa shugaban ikilisiya, a 1 Timoti sura 3, ya sa sharaɗin ya iya riƙe gidansa da kyau, har ya yi tambaya cewa wanda bai iya da gidansa ba yaya zai kula da ikilisiyar Allah. Mu kuma mun juya abun, muna naɗa mutum dattijo sannan mu ɗora masa kayan da zai hana shi ganin gidan nasa. Shi kansa Timoti ai a wurin kakarsa Loyis da mahaifiyarsa Afiniki ya sami bangaskiya tun kafin ya haɗu da Bulus. Akila da Bilkisu ikilisiya a gidansu take taruwa. Labarin Eli kuwa ba na iya karanta shi yanzu hankalina a kwance, firist ne yana hidima a Shilo dare da rana, 'ya'yansa Hofni da Finehas suna ɓarna a ƙofar wurin sujadar, kuma hukuncin da ya zo a kan gidansa don bai kwaɓe su ba ne. Hausawa sun ce gida bai ƙoshi ba ba a kai wa dawa.

Gidan fasto ma shi ya fi ban tausayi, kuma mu membobi mu ne masu laifi. Yawancin fastocinmu a harabar coci suke zaune, ƙofarsu ba ta da lokacin rufewa. Tun kafin gari ya waye wani ya buga, matarsa na naƙuda, wani rigimar gado, wani kuɗin makaranta, wani mafarki ya yi yana so a yi masa addu'a. Mama Fasto ba a ɗauke ta aiki ba, ba ta da albashi, amma ita ce mai dafa wa baƙin taron gunduma, ita ce uwar Zumuntar Mata ko tana so ko ba ta so, in ta sa sabon zani a yi magana, in ta maimaita tsoho a yi magana. 'Ya'yansu kuwa kowa ɗan sandansu ne, abun da ɗan wani zai yi a ce yarinta, in ɗan fasto ya yi sai a kai shi mitin. Ga canjin wurin aiki, yaro yana tsakiyar zangon karatu a kwashe su zuwa wata gunduma. Na taɓa raka wani fasto da muka yi aiki tare zuwa asibiti duba wani memba da dare, a hanya a kan babur ya ce mini dattijo yau ranar haihuwar 'yata ce na yi mata alkawari zan dawo da wuri, lokacin kuwa tara ta wuce. Ya faɗa ne kawai ya yi shiru, ni ma na yi shiru, kuma washegari ni ne na kai masa takardar wani sabon kwamiti da aka sa shi shugaba. Shi Yesu da kansa a Markus sura 6 ya ce wa almajiransa su zo waje ɗaya su ɗan huta, don mutane na ta kai da kawowa har ba su sami damar cin abinci ba. Surukin Musa ma ya gaya masa gaskiya cewa zai gajiyar da kansa da jama'ar in bai raba aikin ba.

Akwai kuma maganar aljihu wadda ba a so a faɗa a gaban bagadi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin keke napep da acaɓa ya ninka, iyali mai mutum biyar da ke zaune nesa da coci in za su je sau biyar a mako lissafa ka gani, ga baiko a kowane taro, ga kuɗin anko, ga katin lancin. Gwauruwa mai sayar da ƙosai ba za ta ce ba ta da shi ba don kar a ce ta ja da baya, sai ta rage cefane. Ga kuma dawowa da dare a wannan yanayi na rashin tsaro, 'yan mata suna tafe a ƙafa ƙarfe tara a layin da ba wuta.

Maƙwabcina Musulmi ne, direban tifa, mun fi shekara goma katanga ɗaya. Duk ranar da yake gari, tsakanin magariba da lisha za ka ji shi a tabarma a ƙofar ɗakinsa yana karɓar haddar yaransa ɗaya bayan ɗaya, yana gyara musu, wani lokaci da faɗa wani lokaci da dariya. Shekaru ina jin su ta kan katanga lokacin da nake ɗaura takalmi zan tafi mitin. Yaransa suna zuwa Islamiyya, amma bai ce malam ya ɗauke masa ba.

Ba cewa nake a rufe zumunta ko a daina addu'ar Laraba ba, Allah ya kiyaye, Zumuntar Mata ce ta riƙe mu lokacin da Inna ta rasu, su suka yi girki su suka kwana da mu, kuma na san akwai waɗanda coci ne kaɗai gidan da suke da shi, marayu da ɗalibai da waɗanda danginsu suka juya musu baya. Roƙona ƙarami ne. Kowace ikilisiya ta ware dare ɗaya a mako, ko biyu in za ta iya, a kulle ƙofa da kwaɗo, ba kwaya ba kwamiti ba mitin ɗin gaggawa, a sanar daga bagadi cewa wannan daren na gida ne, kuma har da gidan fasto, in ba rai ne a bakin mutuwa ba kar wanda ya buga masa ƙofa, dattawa su karɓi waya a ranar bi da bi. Waɗanda ba su da iyali a kusa a rarraba su gidajen membobi su ci tuwo a can. Kar a ba mata da miji manyan muƙamai a lokaci guda in suna da ƙananan yara. Sannan a koya wa iyaye maza yadda ake sujadar iyali, don da yawanmu kunya ce take hana mu, ba mu san ta inda ake farawa ba, mun ɗauka sai an yi wa'azi mai kan magana uku. Makarantun tauhidi irin na Bukuru da Kagoro da Jos su ma dan Allah su riƙa gaya wa ɗalibansu tun kafin a naɗa su cewa cika kalanda ba shi ne rayar da ikilisiya ba.

Ni dai bayan abun da ya faru na ajiye sakatare, wasu sun ji haushi, har wani dattijo ya same ni a shago ya ce ko na fara sanyi ne a ruhaniya, na ba shi kujera na gaya masa duk abun da na rubuta a nan, ya daɗe bai ce komai ba sannan ya ce shi ma rabonsa da ya zauna da babban ɗansa tun Kirsimeti. Yanzu Alhamis ba na zuwa ko'ina. Ƙarfe bakwai ake sauke tuwo, wayoyi duka a kwando a kan firij har da tawa, muna bin Bisharar Luka kaɗan kaɗan da Hausa, wanda ya yi tuntuɓe a karatu mamarsu ta gyara masa. Ba kullum yake daɗi ba, wani daren ana hamma wani daren ana faɗa a kan wanda zai wanke kwano. Yaron nan har yanzu muna fama, bai zama mala'ika ba, amma watan jiya bayan an tashi ya biyo ni waje inda nake kulle babur ya ce Baba akwai wata magana, muka zauna a kan benci har sha ɗaya.

Mitin ɗin dattawa na wata mai zuwa zan kai wannan shawarar a rubuce, kuma ina roƙon duk dattijo ko shugabar zumunta da ta karanta wannan ta kai ta nasu mitin ɗin. Na gode Edita da ka ba ni fili, Allah ya saka da alheri.

Naka,
Wani tela kuma dattijon ikilisiya,
Sabon Gari, Zariya.